Gashin Uwani, Daga Madani Zuwa Gwaram

Na tafi Makka a ƙasa, ban isa ba. Na yi shekara goma sha uku a Sudan, na yi aure, matar ta mutu, na dawo da 'ya ɗaya. Yanzu 'yar ma ba ta hannuna.

Sunana Sale. Wanzami ne ni, ɗan wanzami, daga wani ƙauye a ƙasar Gwaram. Na bar gida saura shekara guda Turawa su tafi. Guzurina ya ƙare a Madani, garin auduga, inda mutanenmu da yawa suka maƙale kafin ni. A can Takari ake ce mana. In kaka ta yi mu tsinci auduga a gonakin wasu, sauran watanni in zauna gindin bishiya da zabirata ina aski da ƙaho. Kowace shekara sai in ce baɗi zan ƙarasa.

Batula shayi take sayarwa kusa da inda nake zama. Balarabiya ce, fara, bazawara. Ba ta haihu da mijin farko ba, danginta suka fita harkarta. Da na nemi aurenta ba wanda ya hana, ba kuma wanda ya zo. A shekara ta biyu ta haifi mace. Na sa mata sunan mahaifiyata, don haka ban taɓa kama sunan ba. Uwani nake ce mata.

Ni na yi mata askin suna. Na aske kawunan da ba su ƙirguwa, ban taɓa jin irin wannan laushi a bakin aska ba. Da gashin ya sake fitowa, bai bi na uwarta ba, bai bi nawa ba. Na uwarta a miƙe yake kamar jelar doki. Nawa kowa ya san irinsa. Na Uwani ya fito a nannaɗe, zobe-zobe, kamar yaɗon duma mai neman abin kamawa. Kowace Juma'a da hantsi Batula takan zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta yi ta aiki a kan nan har a kira salla. Ban taɓa tsayawa na ga abin da take yi ba. Aikin mata ne.

Uwani tana shekara biyar zazzaɓi ya kama Batula. Kwana tara ta yi. A na takwas ta riƙe hannuna ta roƙe ni abu biyu: kada in ba kowa yarinyar, kuma kada askata ta hau kanta. Ta san ni. Ta san wanzami ba shi da magani sai aska. Na ce to.

Bayan arba'in dangin da ba su zo aure ba suka zo. Wata tsohuwa a cikinsu ta fizge ɗankwalin Uwani a gaban jama'a. Kwana arba'in ba wanda ya taɓa kan, ya danƙare kamar sheƙar tsuntsu. Ta juya ta gabas, ta juya ta yamma, ta ce a zo a ga yadda Takari ke riƙon jininsu. Suka ce yarinyar tasu ce, za mu haɗu gaban alƙali. Na san wanda alƙali zai saurara. Na sayar da gado da tukwane, na ɗauki zabira da yarinya, muka hau jirgin ƙasa mai yin yamma.

A Kosti aka sauke mu jiran wani jirgin. Nan na fara gwadawa. Na sayi matajin katako, na kafa shi daga tushe na ja, yadda na ga matan gidanmu na yi ina yaro. Haƙoransa biyu suka karye. Uwani ba ta yi ihu ba. Ta cije bakin zaninta, hawaye na zuba, ta ce Yumma ba haka take yi ba. Yumma take kiran uwarta. Na tambaye ta yaya take yi. Ta ce ba ta sani ba, ita gaba take kallo.

Na wanke kan da sabulun wanki. Da ya bushe ya kumbura ya yi biyun kanta, ya yi ƙarau, in ka taɓa sai ka ji yana karyewa. Wani mai tebur a tasha ya gani ya kira ni. Ya nuna min kwalba mai hoton wata mace da gashi har gadon baya, ya rantse da wannan matan Indiya suke amfani. Na saya na shafa mata. Kafin la'asar fatar kanta ta yi ja, ta ɗuri ruwa. Kananzir ne aka ɗiga wa turare. Na koma ban same shi ba. Mai sayar da burodi na gefensa ya ce masu jiran jirgi kawai yake sayar wa, don ya san ba sa dawowa.

Na ɗaure kan da tsumma. Kwana huɗu muna cikin tarago, tana susa, ina buge hannunta.

Layin dogo ya ƙare a Nyala. Damina ta riga mu, hanyar mota ta mutu, aka ce sai ruwa ya ɗauke. Muka zauna a zango wata biyu. Ina aski a bakin kasuwa, Uwani na zaune a bayana.

Akwai wata tsohuwa mai kawo nono, cikin Larabawan shanu ne, irin Shuwa na wajenmu. Hajja Amna sunanta. Wata rana ta ajiye ƙwaryarta, ba ta tambaye ni ba, ta kwance tsumman kan Uwani. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta zage ni tas, ta haɗa da wanda ya koya min sana'a. Na bar ta ta gama, na ce uwar ta mutu. Ta ce in kawo yarinyar rugarsu gobe da hantsi.

Da muka je na zata ita za ta yi. Ta ce a'a.

"In na yi maka yau, gobe ka hau mota, wa zai yi jibi? Zauna. Kawo hannun."

Ta jiƙa busasshen karkashi a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, ta tace. Warin ya kai ni tsakar gidanmu. Shekara goma sha uku ban ci miyar karkashi ba, ga shi ina zuba wa yarinya a ka. Hajja Amna ta ce irin wannan gashi ba a taɓa shi a bushe, ko mala'ika ne zai taɓa. A jiƙa shi sharkaf da yauƙin, a raba shi gida shida, a kama gida ɗaya a bar sauran. Ba mataji, yatsu. Kuma daga bakin gashin ake farawa, a warware ƙulli ɗaya, a hau na sama da shi, har a kai tushe. Duk lokacin da hannuna ya tafi tushe sai ta kwaɗa min ludayi.

"Wanzami, hannunka ya saba kashe gashi. Wannan ba abokin gabarka ba ne. Lallaɓa shi."

Kwana uku muka yi kafin danƙaren ya sake. Wani wurin sai mu yini a kan ƙulli ɗaya. Na ce a yanke wannan ɗin, ƙarami ne. Ta ce in na fara yankan ƙarami da babba zan ƙare. Da ya warware duka aka ɗauraye. Ta hana ni murza shi da zani, ta ce a matse a hankali kamar ana tatsar akuya. Tun yana da danshi a shafa man riɗi, daga tsakiya zuwa baki, kada a cika wa fatar. Sai kalaba huɗu manya, sako-sako, yadda yatsa zai shige ƙarƙashi. In za ta kwanta a ɗaure da ƙyalle mai santsi. Wanki sau ɗaya a mako, kada a ƙara. Ta sa na maimaita Juma'a huɗu a gabanta.

A ta huɗu na kwance kalabar, gashin ya sauko kafaɗa, kowane zobe da kansa. Na ba Uwani madubin askina. Ta duba ta duba, ta ce haka ne. Hajja Amna ta ƙi karɓar komai. Ta ce in dai na matsa, in yi mata ƙaho a gadon baya. Na yi mata.

Ban san na sayo wata wahalar ba. Lokacin da kan yake cikin tsumma ba mai kallonmu. Yanzu kowa sai ya dube ta, ya dube ni, ya sake dubanta. A mota, a rijiya, a bakin masallaci, tambaya ɗaya ce: 'yar wane gida ce, ina zan kai ta. In na ce tawa ce, wasu su yi dariya, wasu ba sa yi.

A Adare, bakin iyakar Chadi, sojoji suka sauke mu. Ana yaƙi a ƙasar lokacin. Wani mai igiya uku ya ce 'yar wani attajiri na sato zan sayar. Ya ce in kawo takarda. Aurena ba takarda, haihuwarta ba takarda. Uwani ta maƙale a ƙafata tana kiran Yaba, wato baba, ya ce koya mata na yi. Aka ɓamɓare ta aka kai gidansa. Ni aka jefa ni ɗakin kwano. Motarmu ta tafi.

Kwana huɗu na yi. Zafin ɗakin bai dame ni ba. Abin da nake lissafi, ba wanda zai ɗaure mata kai in za ta kwanta.

Rana ta biyar aka fito da ni aka kai ni gidan. Matar mai igiya ukun ta ɗaure yatsa da tsumma. Ashe ta kwance kalabar ta sa mataji a bushe, Uwani ta cije ta. Tun ranar ta ƙi abinci, ta ce ba mai taɓa kanta sai Yaba. Mijin ya ce to ga kan, a gani. Na nemi karkashi da ruwan ɗumi da mai. Sojoji suka jeru a bakin ƙofa suna dariya, ɗaya ya ce in na gama in yi wa jakinsu. Na zauna a ƙasa. Uwani ta zo ta shiga tsakanin ƙafafuna, ta kwantar da kai baya. Na raba shida, na kama gida ɗaya. Kafin in kai na uku ta yi barci a gwiwata.

Matar tana tsaye tana kallon hannuna. Ta ce wa mijin, "Sake shi. Ɓarawo ba ya farawa daga bakin gashi."

Ya sake ni. Ya riƙe madubina da askata uku, ya bar min ɗaya. Matar ta cika min kwalba da man riɗi, ta tura min ita cikin zabira mijin bai gani ba.

Daga nan zuwa Fallomi, babban birnin Chadi, ban san kwana nawa ba. Wani wuri mota, wani wuri ƙafa, ina goye da ita. A zangon Abashe ta kwashi ƙwarƙwata. Duk wanda ya gani sai ya ce ga aska a zabira, me nake jira. Wata rana na fito da askar har na wasa ta. Na mayar. Na jiƙe kan da mai, na bi shi sili-sili da farce, kwana shida, har ƙwan ya ƙare. A wani jeji ruwa ya yi mana wuya, ana rabawa da gwangwani. Na sha rabin nawa, na yayyafa mata rabi a ka. Wani ɗan ƙasarmu da muke tafiya tare ya ce Allah zai tambaye ni ruwan nan. Na ce na sani.

Muka ƙetare kogi, muka shiga ƙasarmu. A Maiduguri na tarar an canja kuɗi, ba fam ba sule. Kwalta ko'ina, manyan motoci, kowa da rediyo a kafaɗa, ana cewa an samu arzikin mai. Ban gane komai ba sai harshen. Wata bakwai da barinmu Madani muka sauka a ƙauyenmu. Ga yarinya a hannuna, ga gashinta a kanta, aska ba ta taɓa shi ba. Na ce na sauke nauyi.

Mahaifina da mahaifiyata duk sun rasu. Gidan yana hannun Baffa Audu, ƙanin mahaifina, shi ne sarkin askan ƙauyen. Yayata Dije, mai aure a Gwaram, ta zo ta yi kuka ta yi guɗa. Mata suka yi ta shigowa, kowace sai ta ja zobe ɗaya ta sake shi ta ga ya koma. Wata ta ce irin na 'yan ruwa ne. Uwani ba ta jin Hausa sosai, tana bayana.

Juma'a ta zo. Na jiƙa karkashi, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na zauna, ta shiga tsakanin ƙafafuna. Ban yi tunanin komai ba. Wata da watanni ina yin haka a gaban Larabawa da sojoji. Da na ɗaga kai, zanar gidan ta cika da idanu. Kafin a sauko daga masallaci ƙauyen duk ya ji. Wani abokin wasana ya tare ni a hanya ya ce, "Sale, nawa kake yin shuku? Uwargida na son na salla." Aka kwashe da dariya.

Lokacin kaciya ne. Ba wanda ya kawo min ɗansa. Masu zuwa aski gidanmu suka fara wucewa ƙauyen gaba. Aka ce na tafi neman Makka na dawo ɗan daudu.

Baffa ya kira ni zaure, Yaya Dije na zaune daga ciki tana ji. Bai ɗaga murya ba. Ya ce namiji ba ya kitso. Ya ce 'yar fari ce, mai sunan uwata, wadda ko kallonta bai kamata in yi a gaban mutane ba, na ɗora ta a cinya kamar ban san kunya ba. Ya ce ba ni da mata, gwauro ba ya riƙon 'ya mace.

"A gidan nan cire gashi muka gada, ba renonsa ba. Dije za ta tafi da ita. Goggonta ce, haƙƙinta ne."

Na so in faɗa masa maganar Batula. Na san abin da zai ce: mece ce wasiyyar baƙuwa a kan al'adar gida. Na tsaya gaban mai bindiga ban ba da ita ba. A gaban Baffa na sunkuyar da kai na ce to.

Da za su tafi Uwani ta tambaye ni da Larabci kwana nawa za ta yi. Na ce zuwa Juma'a.

Yaya Dije ba muguwa ba ce. 'Ya'yanta duk maza ne, ta karɓi Uwani da hannu biyu. Ta yi mata abin da ta sani. Ta kai ta wajen mai kitson da ta fi kowa a Gwaram, aka taje kan a bushe, aka yi ƙanana-ƙanana a matse, aka cika da man shanu da shuni, yadda zai yi wata guda bai motsa ba. Ranar kasuwa na je. Na ga fatar goshinta a ɗame, girarta ta ɗaga sama, ba ta iya juya wuya. Na ja Yaya gefe na fara yi mata bayanin karkashi da yatsu da kalaba sako-sako. Ta riƙe haɓa.

"Yau na ga ikon Allah. Ni na goye ka a bayan nan, Sale. Kai za ka koya min kan mace?"

Na ce gashin ba irin namu ba ne. Ta ce zai saba, mai shi ma za ta saba. Na ajiye kwalbar mai na tafi. Na sake yin maganar sau biyu. Na uku ta ce in na ƙara za ta faɗa wa Baffa.

Gashin bai saba ba. Gefe da gefen goshi ya fara zubewa. Ƙuraje suka fito a gindin kowane kitso. Ana kwancewa, ana shafa magani, ana sake kitsewa a kai, don ba a barin yarinya da kai a tsefe.

Ana shirin shuka Yaya ta aiko in zo da zabira. Na tarar ƙurajen sun haɗe sun yi ruwa, kan yana wari. Malamin asibiti ya duba ya ce sai an aske kafin magani ya kai fata. Yaya ta ce ga wanzami a gida, don me za a kira bare. Ta shimfiɗa min tabarma a tsakar gida, ta kawo ruwan ɗumi a kwano. Wannan karon ba wanda ya leƙo ta zana. Aikina na zo yi.

Aka kira Uwani. Da ta gan ni zaune a ƙasa ga kwanon ruwa, ta taho da gudu, ta shiga tsakanin ƙafafuna, ta kwantar da kai baya.

"Yaba, ka kawo karkashi?"

Na ce ta sunkuya.

Na jiƙa kan. Na fara daga goshi. Ko kwarzane ɗaya ban yi mata ba. Abin da na ɗauko wata bakwai, na sauke shi kafin ruwan kwanon ya huce. Yaya ta tattara gashin ta binne a bayan ɗaki, kada wani ya ɗauka ya yi mugun abu da shi. Uwani ta sa hannu ta shafa kanta tun daga goshi har ƙeya. Ta tashi ta shiga ɗaki. Daga ranar ba ta sake yi min Larabci ba.

Ban iya zaman ƙauyen ba. Yanzu ina Birnin Kudu, gindin wata bishiya kusa da ƙofar babban asibiti, ina yi wa masu jinya aski. Ban iya wata sana'a ba. Ban sake aure ba. Shekara shida ke nan. Motar Gwaram a gabana take lodi, amma sai salla nake zuwa. In na je Uwani takan fito ta durƙusa daga nesa, ta gaishe ni da Hausa mai kyau, ta kawo ruwa ta koma. Kallabinta har gira take ɗaura shi. An ce gashin ya sake fitowa, ban da gefe da gefen goshi. Ni ban gani ba.